Firmin Coppens da Kwandunan Tattabarunsa

Haihuwa da ƙuruciya

An haifi Firmin Coppens ranar 9 ga Maris, 1947, a garin Zottegem. Mahaifinsa Achiel mai gyaran keke ne, mahaifiyarsa Irma kuma tana soya dankali a bakin kasuwa. Iyalansa ne suka zaɓe ni, Ludo, direbansa na shekara goma, in rubuta tarihinsa, bisa hujjar cewa ban taɓa ganin komai ba. Akwai kuma wata tsohuwa, Godelieve Baeke, da take jiran karanta shi don ta san abin da ya kashe ɗanta.

Firmin ya bar makaranta a 1961, malamai ba su yi jimami ba. Abu biyu ya gada daga mahaifinsa, keke da kiwon tattabarun tsere. Daga 1965 zuwa 1976 ya yi tseren keke, ya yi nasara sau biyu, ɗaya a ranar da ruwan sama ya kori sauran gida.

Aure da aiki

A 1970 ya auri Mariette, 'yar mai gidan burodi, wadda ta rayu da shi shekara arba'in da tara ba ta taɓa tambayarsa daga ina yake ba. A 1979 wani kamfanin katifa ya naɗa shi manajan ƙungiyarsa ta masu tseren keke. Shekara tara ƙungiyar tana riƙe da bayan sahu cikin aminci. Daga 1988, shekarar da aka ɗauke ni aiki, sai yaran da a da suke haki a gindin tudu suka fara haye duwatsu baki a rufe. Da 'yan jarida suka nemi sirrin, Firmin ya ce katifa ce mai kyau.

A wannan zamani ne ya ɗauki al'adar kai tattabarunsa Sifaniya duk wata, a sake su su dawo gida, wai horo. Kwando goma sha biyu nake lodawa. Jami'an kwastan kan leƙo, warin kashin tsuntsaye ya buge su, su ce mu wuce. Abu ɗaya na lura da shi: bayan an saki tattabarun, kwandunan ba sa rage nauyi. Sau ɗaya na yi maganar.

"Maigida, kwandon nan ba kowa a ciki, amma yana neman karya mini baya."

"Kashi ne, Ludo. Kai tuƙi aka ɗauke ka ko awo?"

Na ga maganarsa da hikima, musamman da yake a watan na fara ginin gida.

Rasuwar Joris da bincike

Ranar 2 ga Fabrairu, 1991, zuciyar Joris Baeke, ɗan Godelieve kuma gwarzon ƙungiyar, ta tsaya yana da shekara ashirin da huɗu. Likita ya rubuta cewa ciwon gado ne, alhali kakansa na nan yana noma da shekara tamanin. Firmin ne ya ɗauki gaban akwatin gawar, ya yi kuka har aka riƙe shi, kuma har yau ban san na mene ne ba.

A 1998 hukuma ta binciki gidan Firmin kan zargin yi wa 'yan tsere allurar ƙara jini. An buɗe firji, an kwance motar ƙungiya, ba a samu komai ba. Babu wanda ya shiga ɗakin tattabaru. Ni ma an kira ni, na rantse cewa idona yana kan titi, wanda gaskiya ne. Aka sallame shi saboda rashin hujja, kamfanin katifa ya janye, ƙungiyar ta watse.

Shekarun ƙarshe da rasuwa

Ya ƙare rayuwarsa yana raba kofuna a tseren ƙauyuka, ana tafa masa da hannu ɗaya. Ya rasu ranar 14 ga Nuwamba, 2019, aka binne shi a maƙabartar cocin unguwarsu. A wurin shan kofi bayan jana'iza, Godelieve ta riƙe hannun rigata.

"Ludo, ɗana, na kai tamanin da biyar. Ba kotu zan kai ka ba. Me kuke ɗaukowa?"

Na ce mata, "Tattabaru, Mama." Ta sake ni, ta goge hannunta da siket ɗinta.

Marigayin ya bar 'ya'ya uku, Hilde, Stefaan da Griet, da jikoki bakwai. Tattabarun an sayar. Kwandunan kuwa ni ya bar wa a wasiyyarsa, ko don godiya ko don izgili. Wata biyu suna ajiye a garejina kafin na ɗauki wuƙa na farke su. Kowane kwando yana da gindi biyu, a tsakani an shimfiɗa soso mai ramuka daidai girman kwalbar allura. Na ƙirga, rami arba'in a kowanne.

Iyalan Coppens sun ce ba za su buga wannan tarihi ba. Na buga kwafi ɗaya da kaina, Mama Godelieve, da manyan baƙaƙe saboda idonki.