Gyaɗar Mai Bishara

Zancen gaskiya, ba a kyauta mana ba ranar da muka isa. Mun taso daga Ƙaraye, mu 'yan zumuntar mata, an cusa mu a bayan a-kori-kura har wani ƙauye a Ruwan Bago domin aikin bishara, muka tarar da majami'a wayam, sai akuya a bakin ƙofa. A lokacin ni mace ce mai jikoki, ban daɗe da gama ajin yaƙi da jahilci ba, kuma ranar ce aka ce zan fara karanta Littafi Mai Tsarki a gaban jama'a. Na sha guga, na sha bita. Ni kuwa ba na ɓoye fushi, nan na shiga faɗa cewa mutanen nan ba su san darajar baƙo ba.

Wata tsohuwa mai ɗauke da ƙwaryar fura ta bar ni na gama, ta gaishe ni har da tambayar gajiya, sannan ta ce mu biyo ta. A hanya ta gaya mana mai bisharar garin ya faɗi a babur ya karye, matarsa na jego, gyaɗarsa ta nuna, ga hadari kullum. In ruwa ya sake dukanta za ta tsiro a ƙasa, ita ce kuwa cin gidan na shekara. Shi ya sa aka kira gayya. Mu 'yan gari muka sa ranar tafiya a tsakiyar kaka, ba mu tambayi kowa ba.

Muka same su a gona, har da maƙwabtansu Musulmi, shi kuma yana zaune gindin ɗorawa da ƙafa a ɗaure, yana ta ba mu haƙuri. Muka ɗaure zannuwan zumunta a ƙugu muka zauna tsinkar gyaɗa. Nan na san 'yan'uwana. Wadda ke gefena gobara ta cinye rumbunta bara, amma ita ce mai ba da waƙa. Ta dubi hannuna ta ce wannan ai na riƙe fensir ne, na ce ta bari ta ga tulin gyaɗata tukuna. Aka kawo tulu ana bugawa, muna amshi, muna jefa ɗanyar gyaɗa a baki, muka yi dariya har haƙarƙarina ya yi ciwo. Rana ta faɗi, rabin gona bai taɓu ba.

Na koyi cewa kafin ka kai wa mutum wa'azi, ka fara tambayar abin da ya hana shi barci. Masu shirin irin wannan tafiya, ku ji ni, ku tambayi mutanen wurin kafin ku sa rana.

Washegari mota ta zo ɗaukar mu. Na ce wa direba ya gaya wa maigidana tuwonsa na hannun surukarsa sai gyaɗa ta shiga buhu. Na ari fartanya na bi tsohuwar nan gona.