Yaya Binta da Taku Tara na Burtali

Shekara shida ke nan da muka kai Yaya Binta makwancinta, bayan 'yar gajeruwar jinya a Kankiya. Duk lokacin da watan ya zagayo nakan zauna in jera kyawawan halaye irin waɗanda ake jera wa kowane mamaci, in karanta, in yage. Bana na gaji da yaudarar kaina. Akwai sunan da aka laƙaba mata a garinmu, wai malama mai tada fitina, har yau wasu da shi suke tuna ta. Ni ƙanenta, uwa ɗaya uba ɗaya, ni na jawo mata shi.

Malama ce a ƙaramar sakandaren ƙauyenmu, kusa da Kusada, tana koyar da darasin zama ɗan ƙasa nagari. Ajinta gauraye yake, 'ya'yan manoma irinmu da 'ya'yan Fulanin rugagen da ke kewaye da mu, amma kowa da ɓangaren da yake zama. Ta gaji da rubuta musu haƙƙin maƙwabci a allo su haddace, ana tashi su bi hanya suna zagin juna. Sai ta ba su aikin zango guda: su gano asalin faɗin burtalin da ya ratsa bayan gari, hanyar da shanu ke bi zuwa mashaya. Ta haɗa su biyu-biyu. Ɗan manomi zai je ruga ya gaida kakan abokinsa da Fulatanci, ko da gurguwa ce, ya tambaye shi inda iyaka take a da. Ɗan makiyayi shi ma ya zauna a zauren manomi ya yi irin wannan tambaya. Daga nan su ɗauki igiya su auna, su zana taswira, ƙarshen zango a tara iyaye su yi bayani da bakinsu.

Da farko abin dariya ya ba ni. 'Yata Saratu tana ajin, ta dawo daga ruga da ƙwaryar nono da wata gaisuwa da ta ishe mu da ita har wajen cin tuwo. Dariyar ta tsaya ranar da ta gaya mini cewa bakin dattawan ɓangarorin biyu ya zo ɗaya. Dukansu sun nuna tsohon shingen bini-da-zugu da kakanni suka dasa a kan iyaka, wanda kututturansa ke nan har lokacin ga mai son dubawa. A gonarmu ta gado, wadda nake nomawa, kututturan suna tsakiyar gerona, taku tara daga inda nake cewa gonar ta ƙare.

Ba rana ɗaya na ci taku taran nan ba. Kowace damina in an zo huɗa sai in bar garma ta ɗan karkata, in ce wa kaina ai ƙasa ce zaune ba ta amfanar kowa. Maƙwabtana ma haka suke yi, kowa ya san na kowa, ba mai magana. Amma ni kaɗai ne 'yata ta cikina za ta tsaya gaban mai gari da liman da Arɗo ta karanto sunana.

Na same ta a gida bayan la'asar tana duba littattafan yara. Na ce, "Yaya, ki cire gonarmu daga zanen nan. Ke ma fa kina da gado ciki."

Ta ɗago ta dube ni ta saman tabarau. "Sani, in na cire tamu, ta wa zan bari? Yaran nan da ƙafarsu suka auna, mi zan ce masu? Ka cire amfaninka na bana, ranar taron ka tashi ka ce baɗi ka janye. Wallahi kai za a yaba."

Shawara ce mai kyau, shi ya sa ta ƙona mini rai. A makon na samu takarda na rubuta wa ofishin ilimi cewa wata malama tana amfani da yara tana zuga makiyaya a kan manoma, in ba a yi da gaske ba jini zai zuba kafin kaka. Na sa a ƙasa cewa daga iyayen yara masu son zaman lafiya. Na san sarai irin wannan magana a yankinmu ba a tsayawa dogon bincike a kanta. Aka soke taron, aka kulle taswirar a sito, ita kuma aka mayar da ita wata makaranta can wajen Rimaye. Shekara biyar tana hawa acaba safe da yamma, ga ciwon baya, har ciwon ajali ya kwantar da ita. Ni kuwa na ci gaba da noma gerona, ina gaisawa da kowa a masallaci.

Nakan tambayi kaina me za ta ce da ta ga yau. Burtalin ya ƙara tsukewa, a wasu wuraren sai shanu sun bi ɗaya bayan ɗaya, kuma ba kakar da ke wucewa ba a ji ihu a bayan gari ba. Yaran ruga sun ragu a makarantar. Abin da zai fi ba ta dariya, yanzu kiran malamai ake yi bita ana koya musu cewa yaro ya fi riƙe darasi in an fitar da shi aji ya taɓa abin da hannunsa, ya tambayi dattawa, ya yi aiki da wanda ba yarensu ɗaya ba. Na san da ta ce, to, ai da sun tambaye ta, da ta hutar da su wahalar tafiya.

Duk da haka aikin nata bai mutu a sito ba. Bara shanu suka shiga waken wani matashi, mutane suka fara taruwa da sanduna. Mai waken ya iso ya ga makiyayin, ashe wanda suka ja igiya tare ne a ajin Yaya. Ya gaishe shi da Fulatanci, suka koma gindin bishiya su biyu suka kashe maganar, masu sanduna suka watse da takaici. Saratu ma, da take gidan mijinta yanzu, ba a suna a waccan ruga ba ta je ba. Ba ta taɓa tambayata dalilin soke taronsu ba, ni ma ban taɓa iya kallon idonta in an tado zancen ba.

Na janye daga taku taran shekara biyu bayan rasuwar Yaya. Maƙwabta ba su janye ba, don haka wurin ya zama wani ɗan lungu da shanu ke ratsewa su tsaya. Wasu cewa suke ƙarfina ne ya ƙare. Na ɗauka da wannan na biya, sai watan jiya na je ta'aziyya Kusada na haɗu da tsohon shugaban makarantar ƙauyenmu, ya tsufa, sanda yake dogarawa. Ya ja ni gefe.

"Malam Sani, akwai abin da ke cina. Takardar ƙorafin nan da aka turo mani daga ofis, ranar na nuna ma yayarka. Ta karanta har ƙarshe, ta ninke, ta ce mani, ranka shi daɗe, a bar maganar nan, ni na koya mashi riƙe alƙalami."

Na yi masa sallama na bar wurin cike da kunya. Domin a makon da aka yi mata canjin, ni ne na fara zuwa yi mata jaje. Na zauna a tabarmarta ina tsine wa marubucin, ina cewa Allah ya isa. Ta saurare ni har na gama, ta ce, "Bar tsinuwa, Sani, ba kyau. Ka ci abinci?" Ta zubo mini dambu, na ci har na nemi ƙari.

Abin da ya rage na Yaya a duniya ba shi da yawa: ɗalibai da suka iya gaida juna, da ƙane da ta rufa wa asiri har kabari alhali shi ya tona mata wanda ba ta da shi. Duk wanda ya san ta a Kusada da Kankiya ya ji daga bakina, ba ta zuga kowa ba, ni na rubuta takardar don in tsira da gero. Allah ya jiƙanta, ya haskaka makwancinta. Ban sani ba ko yafe mini ta yi ko haƙuri kawai ta yi da ni, kuma yanzu ba ni da wanda zan tambaya.