Tsohon da Ya Ɓalle Mini Ƙofa Saboda Fanka

Shekarun baya, lokacin da nake zaune a unguwar Sanyuanli ta birnin Guangzhou a ƙasar Sin ina saron jakunkunan mata ina turawa Kano, na yi zaman gida ɗaya da wani tsoho ɗan Koriya. Ba zaɓina ba ne. Duk wanda ya san Guangzhou ya san baƙo irina ba ya zaɓen maƙwabci, inda aka yarda a ba ka ɗaki nan za ka ajiye jaka ka gode wa Allah. Mai gidan wata 'yar Sin ce, gajeriya, muryarta kamar lasifikar masu tallan magani. Ɗakuna uku ne, falo da kicin na kowa. Ɗaya nawa, ɗaya na abokina Bamaradi mai saron takalma, ɗaya na tsohon. Shi a Shiling, garin masu ɗinka jakunkuna, yake aiki, yana duba ɗinkin jaka kafin a loda wa mutanen ƙasarsu.

Ni ban yi dogon karatu ba, Koriya a bayan talabijin da firiji kawai nake ganin sunanta. Harshen da muke yi da shi kuwa ba shi da suna: ɗan Sinancin kasuwa, ɗan Turancin masu kwantena, sauran da hannu da ido. Yana ce mini lawban, wato oga, ni ina ce masa Baba.

Mutanen gida suna zaton Guangzhou zafi ne kawai. Ƙarya ne. Akwai wani jiƙaƙƙen sanyi da ke zuwa ƙarshen shekara, ba ruwansa da fata, ƙashi yake nema, gidajen kuma ba a yi musu abin ɗumamawa ba. Da safa nake kwana, da rigar sanyi, da hular da ke rufe kunne. Safiyar farko da sanyin ya sauka na fito zan ɗora shayi, sai na tarar da kowace taga ta gidan a buɗe wayam, har da ƙofar baranda, labule na ta rawa. Ga tsoho tsaye da singileti yana shaƙar iska kamar wanda ake biya. A tsakiyar falo ya shimfiɗa wata tabarma mai waya, ya jona ta da wuta. Na taɓa ta da ƙafa, zafi kamar tanda.

Na ce, "Baba, lafiya? Gobara aka yi?"

Ya nuna hancinsa, ya nuna falon, ya yamutsa fuska. Wai iskar jiya ta tsufa, dole a fitar da ita sabuwa ta shigo. Ya ce a ƙasarsu ko ƙanƙara na zuba sai an buɗe taga da safe. Kuma wai su ta ƙarƙashin daɓe ɗumi ke fitowa, mutum ya zauna a ƙasa ya ji daɗi, ba irin gidajen nan masu daɓe kamar cikin kifi ba.

Na ce, "To ka ɗumama ƙasa, ka buɗe taga. Wa kake ɗumamawa, mu ko unguwa?"

Bai gane ba, ya yi murmushi ya ce in zauna a tabarmar. Na ƙi. Na bi tagogin na rufe. Ina shiga banɗaki na fito, ya sake buɗewa.

Haka muka kwashe hunturun nan, ni rufe, shi buɗe. In na sa daddawa a miya, kafin ta tafasa ya wangale taga. Mutumin da ya cika mana firiji da kabejin da ya yi tsami, wai shi ne zai ce daddawata na da wari! Bamaradi kuwa ba ya raba mu, sai dai ya kwanta a tabarmar tsohon ya miƙe ƙafa yana cewa, "Kai Bakano, walla abin ga da daɗi. Ka bar tsoho ya sha iskarshi."

Wata safiya rigimar ta yi ƙarfi, na ɗaga murya har maƙwabta suka leƙo. Mai gidan ta hau bene tana haki. Ta ce ita ba ta son a tara mata jama'a, duk wanda ya sake jawo mata surutu ya tattara nasa ya nasa. Da ta ce "duk wanda", ni take kallo. Na kuma san abin da rasa ɗakin yake nufi. Takardar zamana a wurin 'yan sanda da adireshin gidan aka yi ta, sannan ka yi yawon Sanyuanli har Xiaobei kana neman ɗaki, da sun ga fuskarka sai ka ji "meyo", babu. Don haka na haɗiye fushina. Na bar masa falo. Na shiga ɗakina na ɗauko faffaɗan salatif ɗin da muke ɗaure kwali, na liƙe tagata ta kowane gefe, ko sauro ba zai sami hanya ba. Tsoho ya tsaya a bakin ƙofa yana kallona yana girgiza kai, kamar yana kallon mai haƙa kabarinsa.

Sanyi ya wuce, zafi ya zo, irin zafin da za ka yi wanka ka fito kana neman wani wankan. A falo akwai iyakwandishan ɗaya. Na ce to, yanzu dai tsoho zai bar mu mu huta. Ina! Sai ya kunna, ɗaki ya fara yin daɗi, gumi ya fara bushewa, sai ka ji ɗif, ya kashe ya buɗe taga. Wai sanyin na'ura in ya yi yawa yana sa ciwon kai da kasala. Na rasa yadda zan yi da shi. Da sanyi yana gudun ɗumi, da zafi yana gudun sanyi.

Sai na je kasuwa na sayo fankata, ta tsaye, mafi arha, na kai ɗakina. Tsoho ya biyo ni. Ya zagaya ta, ya duba gabanta, ya duba bayanta, yana laluben wani abu. Ashe wani maɓalli yake nema, wanda ake murɗawa fanka ta kashe kanta bayan ɗan lokaci.

Ya ce, "Meyo?"

Na ce, "Meyo."

Nan fuskarsa ta sauya. Ya nuna fankar, ya nuna tagar da na liƙe, ya nuna ƙofa, ya kwantar da kai a tafin hannu kamar mai barci, sannan ya zaro harshe ya langaɓe. Sai da ya maimaita muka gane. Wai in mutum ya kulle ɗaki ya kwanta fanka na hura shi, ba zai farka ba.

Bamaradi ya yi dariya har ya riƙe bango. Ni kuwa na ce, "Baba, da fanka na kisa, da masu ɗauke mana wuta a gida sun fi likitoci lada." Bamaradi ya so ya fassara masa, dariya ta hana shi. Tsoho bai yi dariya ba. Ya fita yana ta gunaguni da yarensu.

Ranar da abin ya faru na dawo daga Shiling bayan azahar, jiki duk ya mutu, ga mura ta kama ni, wadda har yau na ce tagoginsa ne suka jawo ta. Na yi salla, na haɗiyi maganin mura mai sa barci, na cusa auduga a kunne kada iska ta shiga, na ajiye gorar ruwan ƙanƙara a gefen katifa. Na murza makulli, na kunna fanka a ƙarshen gudunta, na saita ta a kaina. Daga nan ban san inda nake ba.

Abin da ya tashe ni wata ƙara ce kamar an jefo kwantena daga sama. Na buɗe ido na ga ƙofata a kwance, tsoho a kanta, yana riƙe da kafaɗa yana ihu, "Aigo! Aigo!" Kafin in tashi zaune ya rarrafo ya fizge wayar fanka daga bango, ya kama fuskata da hannu biyu, ya ware mini ido, ya kara kunne a ƙirjina. Ni kuma na ɗauka 'yan fashi ne, na tashi da gajeren wando ina salati, auduga na reto a kunne ɗaya.

Daga baya Bamaradi ya ba ni labari. Wai tsoho ya dawo ya ji fanka na gurnani a ɗakina, ya ƙwanƙwasa shiru, ya buga shiru, ya kira wayata tana ta ƙara a ciki ba a ɗauka. Bamaradi ya ce masa, "Baba, barci ne, Bakano ba ya mutuwa bai karɓi canjinshi ba." Tsoho ya ture shi, ya ja da baya har bangon falo, ya kwaso da gudu.

Maƙwabta suka cika matattakala. Sai ga mai gidan. Ta kalli ƙofa, ta kalle ni, ba ta tambayi kowa komai ba, ta nuna mini hanyar bene ta ce gobe kada ta gan ni. Jikina ya yi sanyi fiye da duk hunturun da na sha. Na riga na fara lissafin inda zan kai kwalayena.

Tsoho ya miƙe, hannu ɗaya na lilo, ya shiga tsakaninmu. Sinancinsa ya fi namu nisa. Ya bugi ƙirjinsa, ya nuna ƙofa, ya ce shi ya fasa, shi zai gyara. Ta ce ba ruwanta, tun da na zo ake rigima. Sai ya shiga ɗakinsa ya jawo akwatinsa ya ajiye kusa da ƙafata. Ya ce in lawban ya tafi, shi ma ya tafi. Shi kuwa ya daɗe a gidan, bai taɓa ɓata mata rai ba, ba ta son rasa shi. Sai ta ce to me ya kawo fasa ƙofa da rana tsaka?

Ya yi mata bayanin fanka. Na zuba ido ina jiran ta fashe da dariya, ko na sami mai goya mini baya. Ba ta yi ba. Idonta ya sauka kan gorar ruwana da ke ta raɓa a gefen katifa. Ta ɗauka, ta ji sanyinta, ta buga wani ihu. Wai wannan ne zai kashe ni, ba fanka ba! Mai mura yana shan ruwan ƙanƙara? Ta juya kan tsoho ta ce fanka ba ta kashe kowa, ruwan sanyi ne ke kisa. Ya ce fanka ce. Ta ce ruwa ne. Suka kaure da musu a kaina, ni ina tsaye da gajeren wando kamar akuyar da ake ciniki. Na so in ce musu duk kun ɓata, iskar da ke shiga kunne ita ce mugunyar, sai na tuna ɗaki nake nema, na ja bakina.

Bamaradi yana zaune a ƙasa hawaye na zuba. Ya ce, "Alhaji, kai kam ka ji daɗi. Ƙasa biyu na hwaɗa kan abin da za ya kashe ka."

Hukuncin da ta yanke shi ne: tsoho ya gyara ƙofa, ni in ɓare salatif ɗin taga a gabanta, kuma daga yau ruwan zafi zan riƙa sha. Na ɓare. Ta sauka ta dawo da fulas cike da ruwan zafi, ta tsaya sai da na sha. Ɗaki dai ya tsira.

Da yamma na dafa shinkafa da wake, na kai wa tsoho don kafaɗar ta kumbura, na shafa masa man zafi. Na ce, "Baba, tsakaninka da Allah, ka yarda fanka na kisa?" Ya yi dariya a karon farko. Ya ce yaran ƙasarsu na yanzu ba su yarda ba, ɗansa ma dariya yake masa. Amma mahaifiyarsa haka ta tashe su, tana bi ɗaki ɗaki tana kashe fanka. Sai ya ɗaga kafaɗar mai lafiya ya ce, "In ɗana ne ya yi kuskure fa? Ƙofa ana sayen wata."

Ni mutum ne da ba na yabon mutane, don ban ga abin yabo da yawa ba. Shekarun da na yi a ƙasar Sin, in wayata ta yi ƙara daga gida, gaisuwar ba ta wuce numfashi ɗaya sai ka ji, "Yaya, kaya sun taso?" Na taɓa kwanciya zazzaɓi har na kasa ɗaga waya, da na warke abin da na tarar shi ne ƙorafin wata jaka da zif ɗinta ya lalace. Amma ga wani tsoho, ba addininmu ɗaya ba, ko sunana bai iya faɗa daidai ba, ya ji shiru a ɗakina ya ba da kafaɗarsa.

Da ya tashi komawa ƙasarsu ya bar mini tabarmar wuta, ya kuma sayo mini fanka mai wancan maɓalli. Fankar na kawo ta Kano, tana nan a ɗakina. Har gobe ban yarda fanka na kashe mutum ba, kada wani ya zo ya ce na faɗa. Amma in zan kwanta sai na bar taga kamar faɗin tafin hannu, in murɗa maɓallin. Mai ɗakina ta yi mita ta gaji, ta ce sauro nake gayyata. Barci yana cikin daɗi sai fankar ta yi ƙas ta tsaya, in farka sharkaf da gumi, in ce, "Kai Baba, har nan ka biyo ni?" Sai in kama dariya ni kaɗai, in miƙa hannu in sake murɗawa.