Kashi na Goma Sha Uku

Shekarar da Sista ta kama ɗaki a gidanmu na Anka, ɗinki nake yi a rumfar tsakar gida, in na gaji in ɗauki littafin soyayya in kwanta da shi. Sista 'yar Filato ce, Kirista, tana aikin jinya a asibitin da ake kwantar da yaran ƙauyuka waɗanda gubar dalma ta kama. Kowa Sista yake ce mata, har Inna. Takan dawo da la'asar ƙafafunta a kumbure, ta zube a tabarma kusa da kekena, ta yi shiru. Ban taɓa yin ƙawa da nake son shirunta ba sai ita.

Ita ta zo da fim ɗin. Wani mai tura finafinai a bakin kasuwa ya zuba mata shi a memorin waya, kashi goma sha uku. Labarin wata ƙasa ne da annoba ta faɗa wa, matattu suna tashi suna yawo suna cizon masu rai, 'yan tsirarun da suka rage suna gudun tsira. A makon ne kuma takardarta ta fito, za a mayar da ita Gummi bayan wata uku. Wuta ba ta zama, ranar hutunta kuma ɗaya ce, sai muka yanke kashi ɗaya duk Lahadi bayan ta dawo daga coci. Da muka duba, Lahadi goma sha uku cif suka rage mata. Na sa ta yi alkawari ba za ta kalla ita kaɗai ba, kuma ba za ta tafi ba sai mun ga ƙarshensa tare.

Mu uku muke haɗa kai a kan wayar, an jingina ta da kwanon sha, Sista tana juya mana Turancin. Inna ba ta taɓa jin tsoron matattun ba, haushi take ji. Abin da ya dame ta shi ne gari guda a rasa mai yi wa gawa wanka da sutura.

“Waɗanga mutane ba su da dangi?” takan ce. “An bar bayin Allah suna yawo tsirara, sannan a ce su ad da laifi.”

Ni kuwa mutum biyu nake kallo: wani makanike mai dogon shiru, da wata malamar makaranta mai ɗaure gashi da tsumma. Tun kallon farko da ya yi mata na san inda za a je, don na karanta irinsa ya fi a ƙirga. Sista ba ta damu da su ba. Tata gwanar wata tsohuwa ce da ko ina suka sauka sai ta nemi ruwa ta yi wanki ta shanya. Ta ce duk cikin fim ɗin ita kaɗai ke da hankali.

Makonni biyar na farko labarin gudu yake yi. Sai ka ga sababbin fuskoki ana ta rungumar su kamar an daɗe tare, sai a ambaci wani da ya mutu ba mu taɓa ganinsa ba. Na yaba, na ce haka ake labari, ba ɓata lokaci. A Lahadi ta biyar aka ciji makanike a kan wata gada. Ya tura malamar gaba, ya rufe ƙofar ƙarfe ta bayansa, ya tsaya can tare da matattun. Na yi kuka har Inna ta tambaye ni ko ya bar mini wasiyya.

Lahadi ta shida, sai ga shi garau yana kwance tayar mota. Malamar ta wuce shi ko kallo bai ishe ta ba, kamar ba ta san sunansa ba.

Sista ta ce wataƙila baya aka koma, Turawa suna yin haka, amma ta faɗa ne tana hamma. Inna ta ce wanda ya mutu ya mutu, masu fim ɗin ne suka manta. Ni na ƙi duka biyun. Na ce ai a wannan labarin matattu tashi suke yi, to shi ya tashi da hankalinsa saboda son da ke zuciyarsa bai mutu ba, ita kuma firgici ya shafe mata tunani, sai ya sake neman ta daga farko. Na taɓa karanta haka, sai dai can hatsarin mota ne. Na riƙe wannan bayani sosai, har na fara tunanin irin rigar da za ta sa ranar aurensu a duniyar da babu tela.

Daga nan fim ɗin ya zauna. Suka shiga wani tsohon gidan burodi suka ƙi fita. Kashi guda ana neman maganin ciwon kai. Wani kashin ana gardamar wa zai yi gadi. Makanike yakan ɗauki mako biyu kafin ya ce mata kalma uku. Na gaji, na riƙa tsaki, ina cewa Sista ta tura gaba. Ba ta taɓa turawa ba. Wata Lahadi da na matsa, ta ce mini ba tare da ta ɗago ba:

“Ƙanwata, ki bar mini waɗannan. Yau ba wanda ya mutu a ciki.”

Na san makon ya yi mata nauyi a asibiti, na bar tsaki ranar. Amma Lahadi mai zuwa na koma tsakina. Tun daga Litinin nake ƙosawa mako ya ƙare, ina ta kora kwanaki kamar awaki, don in kai ga auren.

Lahadin ƙarshe kayanta rabi a ɗaure suke. Muka zauna. Makanike da malama suka hau rufin gidan burodin, suna raba kifin gwangwani ɗaya. Ya kai hannu kusa da nata, bai taɓa ba. Hoto ya ɗauke. Na ce ta sa na gaba, ta ce babu.

Ta yi ta latsawa. Garin haka ta juya wayar a kwance, sai dogon sunan kashin da kullum rabinsa ke fitowa ya fito duka, da lamba a ƙarshensa: tara. Ta koma saman jerin tana karanta lambobin a hankali: ɗaya, goma, sha ɗaya, sha biyu, sha uku, sannan biyu, uku, har tara. Wayar ce ta jera duk lambar da ke farawa da 1 a gaba. Sista ta kifa kai a gwiwa tana dariya, irin dariyar da ba ta da ƙarfi.

“To mi ya faru?” in ji Inna.

“Inna, mun riga mun ga ƙarshen. Tun wata biyu. Gadar nan ce.”

“Awo. Ai na ce ya mutu.”

Babu tashi, babu mantuwa, babu aure. Makonni takwas ɗin da na yi ta zagi, su ne duk zaman da aka ba makanike da malama tare.

Sista ta duba cajin, ta ce zai kai kashi ɗaya, in ina so mu sake kallon gadar a inda ya kamata ta zo, ta cika alkawari. Rana ta fara sauka kan katanga. Na ce a'a, ta cika tun tuni. Na tambaye ta me ya rage ba a ninke ba.

Muka shiga ɗakinta. Ina ninke fararen rigunan aikinta tana dannawa a jaka, ba mu yi sauri ba. Da safe ɗan acaɓa ya zo ya kai ta tasha, ni kuma na koma kan keke, akwai zannuwa biyu da ban ɗinke bakinsu ba.