Hular Mutumin Wata a Kan Iyaka

Ƙarfe tara da minti goma na safe abin ya fara lalacewa. Na duba agogon yayana, shi ya sa na sani.

Mun tashi da asuba daga Katsina a bayan babbar mota, tsakanin buhunan gyaɗa. Yayana malami ne, ɗalibansa za su yi wasan kwaikwayo a Maraɗi kan wani baƙo da ya sauko daga wata. Shekarar ce rediyo ya cika da labarin ƙarfen da aka harba sama. Ni na haɗa hular baƙon da garwar kananzir, a kan cinyata ta yi tafiyar.

Yayana ya so a ɗaure ta da igiyar rama. Na ƙi. Wanda ya iya saukowa daga wata ba zai ɗaure kansa kamar damin dawa ba. Na tsinto notuna goma sha biyu wajen mai gyaran keke, na auna tsakaninsu da rula, aka liƙe su da dalma kewaye da wuyan. Ado ne kawai. Ainihin maɗaurin, ƙullin fata irin na zabira, yana ɓoye a ciki.

Hanyar Daddara duk yashi ce, sau biyu maza suka sauka turi. A Jibiya muka sha fura mai yaji, a kwabo, har yau ban sha irinta ba.

Bayan mun tsallaka iyaka, wani dattijon ma'aikacin duwan, wato kwastan na ɓangaren Faransa, ya ɗaga zanen da na rufe hular da shi. Ya ƙwanƙwasa ta, ya kara kunne, sannan ya dubi yayana, ya kira shi yadda suke kiran malami da Faransanci.

"Mushe, mi ne ne wanga? Wayar iska?"

Yayana ya ce kayan wasa ne. Dattijon ya ce kayan wasa ba su da noti, ya aika aka kawo sifana. Murɗa ɗaya, dalmar za ta ɓalle, ga wasa da la'asar. Ni kuwa ko a aji ba na ɗaga hannu.

"Baba, tsaya," na ji bakina ya ce.

Na zura yatsa ta ƙarƙashin haɓar, na zare ƙullin, hular ta buɗe gida biyu. Ba kome ciki sai tsumma da warin kananzir. Direbobi suka yi ta dariya, dattijon ya sa sifana a aljihu.

An yi wasa lafiya. Yaran sahun gaba sun gudu da baƙon ya fito. Na koyi cewa idon mutum maɗauri yake fara nema, in ya yarda da shi, ya yarda da sauran.

Washegari muna komawa gida muka sake iske dattijon. Na tattara ƙarfin halina na tambaye shi ko da gaske ya ɗauka hular ta gaskiya ce.

Ya dube ni, ya ce, "Ɗiyata, tun ba a haife ki ba nike kwance kayan mutane nan. Ban taɓa aikawa a kawo sifana don wasan yara ba."