Faifan da Yake Tsayawa a Kan Madubi

Mahaifinmu ɗan kasuwa ne, atamfa da shadda yake sayarwa, kuma mutum ne mai son sabon abu. A shekarun da kuɗin mai ya cika ƙasa, soja na kan mulki, ya je Makka ya dawo da na'urar ɗaukar bidiyo, irin mai nauyin nan da ake saɓawa a kafaɗa, ga wani akwati da ake ratayawa a gefe da kaset a ciki. Bai daɗe yana wasa da ita ba ta lalace, aka rasa mai gyara a duk Sakkwato. Abin da ya rage daga gare ta shi ne kaset ɗaya, na ranar da muka tare a sabon gidanmu na Minanata. Ina yarinya a lokacin.

Mun kalli kaset ɗin nan har mun haddace shi. Yana farawa daga ƙofar gida, hoto na rawa, mata na shiga da kwalla da tasoshi a ka. Sai tsakar gida, tukwane a kan murhu, Inna ta ja mayafi ta rufe fuska tana dariya tana cewa ya bari. Daga nan Baba ya bi ɗakuna ɗaya bayan ɗaya yana faɗin na wane ne. Shi kansa ba a ganin sa, tunda shi ke riƙe da na'urar. Muryarsa kawai ake ji, da numfashinsa, da ɗan tarin da yake yi kafin ya yi magana. Bayan rasuwarsa wannan ya dame mu, domin ba ya son a ɗauke shi hoto, kuma ban da na fasfo ba mu da ko ɗaya.

Akwai ɗaki ɗaya kusa da zaure da yake shiga a cikin kaset ɗin bai ce komai ba. Yana juya na'urar sau ɗaya ya fito. An gina ɗakin ne don babban yayanmu, ɗan farin Inna, wanda ya rasu a hatsarin mota a hanyar Ikko yana rakiyar kaya, tun ginin bai kai rufi ba. Da muka tare, sai aka zuba dilolin atamfa a ciki, aka jingina wani babban sif mai madubi a bango. Inna ba ta taɓa faɗin sunansa ba yana raye, saboda kunyar ɗan fari, bayan ya rasu ma ba ta faɗa ba.

Bayan shekara ashirin ko kusa da haka, a ƙarshen mulkin soja, ina aure a Mabera, ina koyarwa a wata makarantar 'yan mata, kaset ɗin kuma ya tsufa. Fumfuna ta kama shi, farin layi na ratsa hoton. Autanmu, wanda yake goye a bayan Inna a cikin kaset ɗin, ya zama saurayi, ya kuma samu kwamfuta mai buga faifai da wani ɗan'uwanmu ya taho da ita daga Dubai. Ya ce zai kwashe hoton ya ɗora a faifai kafin kaset ɗin ya mutu, kowane gida na dangi ya samu nasa. Inna ta yi ta dariya da ta ga abin, ta ce ita faifan da ta sani na rufe ƙwarya ne.

Faya-fayan kirki da aka haɗo da kwamfutar kowane da gidansa, cikinsu ruwan zinariya. Su ya fara bugawa, aka kai wa baffanni da kawunnai. Da suka ƙare ya shiga kasuwa ya sayo emti, irin waɗanda ake jerawa a kan sanda a naɗe da leda, babu suna babu tambari. Cikinsu kore ne kamar bayan ƙuda, in ka ɗaga ɗaya ka kalli rana kana ganin haskenta ta ciki. A cikin waɗannan Inna ta samu nata, don ita ta ce a fara sallamar na waje.

Ranar da muka fara sa shi bazara ce, bayan azahar, an yi sa'a akwai wuta. Mu uku ne a falo, ni da Inna da Auta, fanka na kaɗa iska mai zafi. Komai ya tafi yadda muka sani har Baba ya shiga ɗakin kusa da zaure. Yana juya na'urar sai hoton ya tsaya cak. Injin faifan ya shiga ƙara a hankali kamar agogo, sautin kuma ya maƙale a kan numfashi guda, yana fita yana komawa.

A kan madubin sif ɗin ya tsaya. Ga Baba a ciki, rabin fuskarsa a bayan na'ura, ido ɗaya a rufe, hula ta zame baya, gemunsa baƙi wuluk. Shekara da shekaru muna kallon wurin nan, amma yana wucewa ne kamar ƙiftawar ido, ba wanda ya taɓa lura. Na yi salati, hawaye ya zubo mini. Sai da na share ido na ga sauran. A bayan kafaɗarsa, inda labulen ƙofa yake, hoton ya farfashe ya zama ƙananan murabba'ai, wasu baƙi wasu fari, sun taru sun yi siffar mutum a tsaye. Ya fi Baba tsawo. Kansa a karkace yake gefe ɗaya. Babban yayanmu dogo ne, kuma kunnensa ɗaya ba ya ji sosai, saboda haka in ana magana yakan karkata kai.

Auta ya miƙa hannu zai ɗauki rimot.

"Kak ka taɓa," in ji Inna.

Ba ta ɗaga murya ba, ba ta kuma kalle shi ba. Muka zauna a haka, numfashin Baba na ta maimaituwa, har injin ya gaji da kansa ya yi tsalle ya faɗa wurin da maza ke cin tuwo a ƙofar gida. Inna ta tashi ta ce za ta yi alwala, ko da yake la'asar da saura.

Da yamma Auta ya kira ni shagonsa ya buɗe hoton a kwamfuta, ya riƙa tura shi kaɗan-kaɗan. Lallai Baba yana cikin madubin, dishi-dishi, kuma abin da ke bayansa labule ne mai ninki, ba wani abu ba. Ya yi mini bayani cewa faifan banza ba ya karɓar rubutu da kyau, in injin ya zo inda ya kasa karantawa sai ya riƙe hoton ƙarshe, ya cike gurbin da abin da ya samu. Ya ce na gidan baffanmu yana wucewa sumul, ya gwada. Na yarda da shi a ranar, har yau ma na yarda. Sai dai shi bai san babban yayanmu ba, yana jariri aka yi rasuwar. Ya tambaye ni me ya sa na rungume hannuwa kamar mai jin sanyi, na ce ba komai.

Da aka sake kawo faya-fayan kirki Auta ya buga wa Inna sabo. Ta karɓa ta yi masa addu'a, ta sa a cikin kwalla ta rufe, ta ci gaba da kallon koren. Ta koyi kunna injin da kanta, ita da ko rediyo sai an kama mata tasha. In an kawo wuta da rana, sai ta ja tabarma gaban talabijin da carbinta. Ba ta damu da farkon ba, ɗakin take jira.

Nakan je gida duk Asabar, kuma na lura abin ba ya zama yadda yake. Tsayawar tana ƙara tsawo. Murabba'an suna sauya wuri. Wani mako siffar tana can bakin ƙofa, wani makon ta matso har ta taɓa kafaɗar Baba, daga baya wani abu mai kama da hannu ya fito a gefenta. Auta ya ce zafi ne yake cin faifan, ga shi Inna tana ajiye shi a kan talabijin, kullum lalacewa yake ƙara yi. Wannan ma gaskiya ne. Amma shi ma ya daina zama a falo in an sa.

Labari ya kai ga Goggo, ƙanwar Baba, mace mai karatu da ba ta ɗaukar wasa. Ta zo daga Gidan Dahala takanas. Aka sa mata. Da hoton ya tsaya ta matsa kusa, ta gyara tabarau, ta daɗe tana kallo, sannan ta koma baya tana neman tsari. Ta ce a karya shi a jefa a masai. Ta tuna wa Inna cewa wanda ya tafi ba ya dawowa, kuma Shaiɗan yana shiga ta inda zuciya take da rauni. Inna ta saurare ta har ta gama.

"Ni ban ce ya dawo ba," ta ce. "Gidan ubanai na. In ya leƙo, ina laihi?"

Ban taɓa jin Inna ta yi maganar babban yayanmu kusa haka ba, a gaban dangin miji kuwa. Aka kawo fura, suka sha, suka yi hirar wasu abubuwa, Goggo ta tafi ba ta sake tada zancen ba.

Wata Asabar na sauka daga kabu-kabu da rana tsaka na tarar da gidan shiru. An yi rasuwa a maƙwabta, Inna ta shiga gaisuwa, Auta ya fita. Tun daga tsakar gida na ji numfashin. Ashe wuta aka ɗauke tana cikin kallo, ta fita ba ta kashe komai ba, da aka dawo da wutar injin ya tashi da kansa ya yi ta tafiya har ya isa wurin. Na tsaya a ƙofar falo. Tabarmarta a shimfiɗe, ba kowa, Baba na kallon ɗakin da ido ɗaya, na bayansa kuma ya kusa rufe shi.

Ban san abin da ya kai ni ba, amma maimakon in kashe, sai na juya na nufi ɗakin kusa da zaure. Sif ɗin yana nan inda yake tun ranar tarewa, dilolin ne kawai babu. Na tsaya inda Baba ya tsaya. Madubin ya yi tsatsa a gefe-gefe. Na ga kaina, na ga ƙofa a bayana, da labule. Ba wancan labulen ba ne, an sauya shi tuni, amma ninkinsa ya sauko iri ɗaya. Ina kallo ƙasansa ya motsa, ya kumbura kaɗan ya koma. Ko ganye ba ya motsi a waje ranar, amma zaure yakan ja iska, na san da haka. Matsalar ita ce ƙofar a bayana take, ba yadda zan fita sai na juya. Na rufe ido, na karanta abin da ya zo bakina, na lallaba bango da hannu har na ji yadin ya shafi fuskata, na wuce. A ƙofar gida na zauna a kan dakali cikin rana har Inna ta dawo. Ta dube ni, ta dubi zaure, ta ce in shigo in sha ruwa.

Kafin ruwan farko ya sauka faifan ya mutu. Fatarsa mai ƙyalli ta fara ɓarewa daga baki kamar ɓawon kifi, in an sa sai injin ya juya ya juya ya yi shiru. Ni ce na roƙi Auta ya buga wani a cikin korayen da suka rage, don na ga Inna ta rage cin abinci. Ya yi tsaki amma ya buga, har guda uku. Na farko a kan tukunya ya maƙale. Wani ya tsaya a kan akuyar maƙwabta da ta shigo tsakar gida. Wani kuma a kan ƙafafun Inna da lallenta, har ta yi dariya ta ce a bari haka nan, ya isa.

Ranar Juma'a ta sa aka soya masa aka raba wa maƙwabta sadaka. Da la'asar ta miƙo mini mataccen faifan a naɗe cikin tsumma mai tsabta, ta ce ba za a zuba shi a shara ba, a rufe shi yadda ake rufe takarda mai rubutu. Na ɗauko fartanya na haƙa rami a gindin zogalen bayan ɗakin girki. Ƙasar ta yi tauri, sai da na huta a tsakiya. Auta yana tsaye da hannu a aljihu, ya ce roba ce, ba ta ruɓewa, ko jikokinmu suka tona za su same shi. Inna ta ce ta ji, ya je ya ɗebo ruwa a buta a yayyafa a wurin don ƙasa ta kwanta. Ya tafi ya ɗebo.