Bokitin da Inna Ta Ajiye a Lungu

Har yau in na ji ruwa yana ɗiga cikin bokiti, sai in tuna da Inna.

A unguwar Ulaisha muke zaune, can ƙasar waje, a wani ɗaki kan rufin tsohon bene, ni da wata dattijuwa 'yar Maraɗi da nake kira Inna. Ikamata, wato takardar zama, ta mutu tun da na baro gidan da nake aikatau. Tata ma haka. Ba ma sauka ƙasa sai dole.

Ni na kawo maganar shuka. A sakandare mun yi wata malamar noma, tsohuwa, wadda ta koya a hannun malaman farko na makarantar gona, zamanin da ake yi wa ɗaliba dariya in ta riƙe fartanya. Ba ta yarda da "ba ni da fili" ba. Buhu, fasasshiyar tukunya, tsohuwar taya, duk gona ce a wurinta. Dokarta biyu: kada shuka ta kwana da ƙishi, kuma kada ki cinye ba ki bar iri ba.

Na yanka jarkoki, na cakuɗa ƙasa da ganyen shayin da muka sha, na shuka yakuwa da 'ya'yan da na tsinta cikin zoɓon Inna. Ruwan famfonmu gishiri-gishiri ne, ƙona ganyen yake yi. Mai daɗin yana can ƙasa a lungu, inda na'urar sanyaya ɗakin wani shago ke ɗiga. Nan muka kafa bokiti.

"Ke 'yar boko, ciyawar nan taki ce za ta ba mu ikama?" haka Inna ke tsokanata. Amma ranar miyar farko, tana ci tana goge ido da bakin mayafi.

Ita ke ɗauko ruwan. In na miƙe sai ta ce, "Zauna, 'yar nan. Wa zai kalli tsohuwa?"

Ran nan bayan la'asar ina leƙenta ta saman katanga. Ta sunkuya ta ɗauki bokitin ke nan, mota ta tsaya, 'yan sanda biyu suka fito suka tambaye ta takarda. Ta mayar da bokitin a hankali, ko ɗigo bai zube ba. Ta san ina sama. Har aka saka ta aka rufe ƙofar motar ba ta ɗaga kai ba, don kada su bi idonta.

Bokitin ya cika ya riƙa malala, ina jin sa daga inda nake. Ban sauka ba. Yakuwar ta yi laushi, ta sunkuyar da kai, ta bushe ina kallo.

Doka ta biyu kaɗai na iya cikawa. Na ɓare busassun ƙwansunan, na ƙulle irin a bakin zanen Inna.

Yanzu ina wani ɗaki a unguwar Suwaidi, babu taga. Labarin Inna shiru. Ban kwance ƙullin ba.